Mutumin da Na Kashe da Wasali Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na kashe wani dattijo ba. Ban taɓa jikinsa ba, ban ma san na yi ɓarna ba sai ranar da ya sauko daga mota a ƙofar gidanmu ya yi mana sallama. Amma bari in ɗauko zancen daga tushe.

A farkon shekarun 1960 ne, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Muna zaune a Ka'akiyya, can gefen Makka, ni da matata Rakiya, a ɗakin baya na gidan kawuna, Kawu Haruna. Shi ya riƙe ni tun muna hanya, don mun shekara bakwai tsakanin Kano da Jidda. A Fort Lami muka fi daɗewa, har aka sa ni makarantar Faransanci na yi aji uku. A Sudan na tsinci kalmomin Turanci da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da wannan ɗan guzuri na kafa teburi kusa da gidan waya ina rubuta wa alhazai wasiƙa, mutanen unguwa kuwa suka sa min suna Tarjuman, wato tafinta. (Ban taɓa hana su ba. In gaskiya za a bi, ni na fara faɗar sunan, su suka ɗauka.)

Kawu tela ne, amma in aikin Hajji ya zo yakan rufe keken ɗinki ya tafi Mina ɗaukar marasa ƙarfi. A can ya tsinci wani tsohon Bature Musulmi kwance gefen hanyar jifa, rana ta buge shi, ayarinsa sun ɓace masa. Ya goyo shi, ya yi ta shafa masa ruwa, daga baya ya kawo shi gida ya yi jinya kwana goma sha biyu. Sunansa Alhaji Mustafa, mutumin Bosniya ne a ƙasar Yugoslabiya, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Mutanen Makka Bushnaƙ suke ce wa irinsu, mu ma muka bi.

Abin mamaki, shi da Kawu ba su da kalma goma da suka haɗa su, amma sai su wuni a tabarma ɗaya. Wannan ya ja aya, wancan ya ƙarasa, su yi dariya, su sha shayi. Ni ne dai abin ya dama, don an ce ni tarjuman ne, ga baƙo a gidanmu na kasa ce masa ko ya jiki.

Da ya fara samun sauƙi sai ya kira ni, ya nuna min wani ɗan tauraro kore da ke maƙale a rigarsa, ya ciro ƙaramin littafi daga aljihu ya ba ni. Littafin koyon wani harshe ne da ake kira Esperanto, da fassarar Faransanci a gefe. A hankali na gane wai harshen ba na wata ƙasa ba ne, wani mutum ne ya zauna ya ƙirƙire shi don duniya ta riƙa fahimtar juna. Alhaji Mustafa ya yi imani cewa da alhazai za su koye shi, da an daina ihu a kunnen juna a Mina.

Ni kuwa abin ya shiga raina. Harshe ne mai tsari kamar ɗinkin Kawu. In aiki yana faruwa yanzu, kalmar ta ƙare da -as. In ya wuce, -is. In yana tafe, -os. Ba togiya, ba “sai dai a wuri kaza” irin na Faransanci da ya sha jawo min bulala. Kwana goma muka yi muna karatu, na kai shafi na goma sha shida. Daga nan shafukan littafin a manne suke ta sama, biyu-biyu, ba sa buɗuwa. Na ɗauka kuskuren masu buga littafi ne, na ji tsoron yaga kayan mutane, sai na tsallake zuwa jerin kalmomin da ke ƙarshe. A zuciyata kuma na ce ai na gama. Tun daga ranar in an tambaye ni harshe nawa nake ji, sai in ce biyar.

Da zai tafi ya bar akwatinsa a wurin Kawu, don yana da niyyar dawowa. A ciki akwai wata katuwar kwat ta ulu, da jar dara, da darduma, da ɗan injin niƙa gahawa na tagulla da tukunyarsa. Ya dafa akwatin, ya nuna ƙirjinsa, ya rufe ido ya karkatar da kai, sannan ya buɗe ya ce, “Sadaƙa.” Wannan kam ba a nemi tarjuman ba. In ya mutu, a bayar.

Wata goma shiru. Sai cikin Shawwal ga wasiƙa da tambarin Yugoslabiya, an rubuta sunan Kawu da wani irin Larabci mai karkace-karkace. Kawu ya miƙo min ita. Ɗan Alhaji Mustafa ne ya rubuto, Jamal, da Esperanto, don babansa ya gaya masa akwai masanin harshen a gidan. Bayan gaisuwa, layi uku ne kawai:

La kuracistoj diras, ke mia patro estas mortonta. Li volas vidi la Kaabon. Ni venos.

Farkon bai ba ni wahala ba: likitoci suna cewa mahaifina... Sai na ci karo da mortonta na tsaya cak.

“Me ya ce?” in ji Kawu.

“Kawu, rubutun na manya ne, yana son natsuwa. A ba ni zuwa jibi.”

Kwana biyun nan, wallahi, ban taɓa jin daɗin neman ilimi kamar su ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu. Na duba jerin kalmomi na ga morti, mutuwa. Na yi murna na ce ga shi kusa da mort na Faransanci, ga maut na Larabci, ga mutuwa tamu, ashe duk duniya da “m” ake mutuwa. (Har na rubuta wannan a takarda, ina ganin na gano wani abu da malamai suka manta.) Saura wutsiyar, -onta. Ba -as ba ce, ba -is ba, ba -os ba. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe, na rubuta da ƙanana. Na raba ta gida biyu, on da ta, ban samu komai ba. Na karanta ta daga dama kamar Larabci, ta ba ni atno, shi ma ba kowa ba ne. Ina kan teburina alhaji na faɗa min saƙon iyalinsa, ni kuwa bakina na motsi, onta, onta, har wani Bazazzagi ya tambaye ni ko wuridi nake.

Na rufe teburi na je wurin wani Baturke mai sayar da turare kusa da Harami, don na ji an ce ƙasarsu ba nisa da Bosniya. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce wannan Italiyanci ne da ya lalace. Na je wurin wani ɗan Jawa mai gyaran agogo, ya ce shi dai a harshensu onta raƙumi ne. Na dawo gida ina tunanin ko raƙumi ne ya kashe Alhaji Mustafa, sai na tuna ban taɓa jin ya ambaci raƙumi a ƙasarsu ba.

A ƙarshe na gina wa kaina bayani mai kyau. Na ce kowane harshe yana da yadda yake girmama mamaci. Mu mukan ce marigayi, Larabawa su ce almarhum. To mortis shi ne “ya mutu” kai tsaye, irin wanda za a faɗa wa jaki. Ɗa mai tarbiyya ba zai rubuta wa ubansa haka ba, sai ya ƙawata ya ce mortonta, wato “ya riga mu gidan gaskiya”. Da na kai nan har tsigar jikina ta tashi don jin daɗin basirata.

Rakiya na tsintar shinkafa a tire ina yi mata wannan bayani. Ba ta yi boko ba, allo kawai ta yi, amma ta sha jin ina rera -as, -is, -os a tsakar gida har ta haddace.

Ta ce, “Malam, ba kai ka ce in da ‘i’ abu ya wuce, in da ‘o’ yana tafe ba?”

“Haka ne.”

“To ni ‘o’ nake ji a wannan.”

Na yi murmushi irin na manya na ce, “Wancan a ƙarshen kalma ne. Wannan a tsakiya yake. Ba ruwansu da juna.”

“To layi na biyun fa, me ya ce?”

“Yana son ganin Ka'aba.”

“Yana so, ko ya so?”

Na kalli takardar. Volas. Da -as ɗinsa ƙiri-ƙiri. Na yi maza na ninke ta. Na ce ai ɗa mai jimami yakan yi maganar ubansa kamar yana raye, kuma “za mu zo” na ƙarshe, 'ya'yan ne za su zo su yi masa Hajji. Na ƙara da cewa harshen Turawa ba a yi masa fassarar tsintar shinkafa.

Ta fitar da wani ɗan dutse daga tire ta jefar.

Bayan la'asar na samu Kawu a kan kekensa na ce, “Kawu, sai haƙuri. Alhaji Mustafa ya rasu.”

Ya cire ƙafarsa daga keken a hankali. Ya yi istirja'i, inna lillahi, ya daɗe yana kallon zaren da ke hannunsa, sannan ya ce, “Ka tabbata, ɗana?”

Da na ce ina zato ne, da an wuce wurin. Sai na ce, “Likitoci ne suka faɗa, ga shi a rubuce.”

Ban taɓa ganin Kawu ya yi kuka ba, ko a hanyar Sudan da muka binne mutanenmu, sai ranar. Washegari liman ya yi salatul ga'ib a masallacin unguwa, sallar gawar da ba ta nan, sahu uku cur. Kawu ya fita Tan'im ya ɗaura harami ya yi wa abokinsa Umra. Aka dafa shinkafa da nama aka raba. Aka buɗe akwati: kwat ta tafi wurin Malam Idi direba, mai zirga-zirgar Ɗa'if inda ake sanyi, jar dara ta hau kan ladan, darduma ta shiga masallaci. Kayan gahawa aka ba Rakiya ta kai wa wata tsohuwa. A wurin sadakar liman ya yaba min a gaban jama'a, ya ce da ba don Allah ya ba unguwa mai harshe biyar ba, da bawan Allah ya tafi ba wanda ya yi masa addu'a a Makka. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. (Ina sauraron kowace kalma.)

Mako uku bayan haka, ranar wata Juma'a da yamma, muna zaune a ƙofar gida ana shan shayi. Ladan na nan da jar dararsa. Malam Idi ya sauko daga Ɗa'if kenan, bai ko cire kwat ba, don tun da ya same ta yake neman dalilin sa ta. Ni kuma ina tsakiya ina koya musu yadda ake cewa “na sha, ina sha, zan sha”. Sai ga wata motar haya ta shigo layinmu daga wajen Kudai, ta tsaya. Wani saurayi fari dogo ya fito, ya buɗe ƙofar baya, ya tallafo wani tsoho.

Ya rame ƙwarai, wuyansa kamar a kama da yatsa biyu. Amma ga ɗan tauraron nan kore a ƙirjinsa.

“Assalamu alaikum,” in ji Alhaji Mustafa.

Ladan ya ɗora hannu a kan hularsa ya bar shi a can. Malam Idi ya fara ja da baya a hankali yana neman bayan ƙofa. Kawu ya zauna a ƙasa yana salati. Sai da tsohon ya matso ya dafa kansa, sannan Kawu ya kama hannun ya riƙe da hannu biyu, yana juya shi, yana dubawa. Suka rungume juna suna kuka.

Ni a lokacin ina lissafin taku nawa ne tsakanina da kwanar layi. Ban kai ga tashi ba Kawu ya ɗago ya dube ni. Bai ɗaga murya ba.

“Tarjuman. Zo ka yi aikinka.”

Nan ne azabar take. Duk unguwar ba mai iya yi wa baƙo bayanin abin da ya faru sai ni. Kawu ya faɗa da Hausa, ni in juya da bakina.

“Gaya masa mun yi masa sallah.”

Na harhaɗa kalmomi na faɗa. Alhaji Mustafa ya dafa ƙirji yana godiya, ya ɗauka addu'ar samun sauƙi ce.

“Bai gane ba,” in ji Kawu. “Gaya masa wace iri.”

Ban san kalmar ba a Esperanto, don haka na faɗe ta da Larabci: janaza. Tsohon ya dube ni, ya dubi kan ladan, ya dubi Malam Idi da ke zufa cikin ulu. Ɗansa Jamal ya tambaye ni ko wasiƙarsa ba ta iso ba. Na ce ta iso. Na shiga na ɗauko ta tare da littafin, na nuna masa mortonta da yatsa, na fara yi masa bayanin marigayi da almarhum. Ban kai rabi ba na ji muryata na shigewa ciki.

Jamal ya karɓi littafin ya buɗe shafi na goma sha shida. Ya ga shafukan da ke manne. Ya dube ni, kallon da ba raini a ciki, tausayi ne, wanda ya fi raini ciwo. Ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu ya zura tsakanin takardun ya yanka, kyat. Ashe haka ake sayar da irin littattafan nan, mai karatu ne ke yanka wa kansa. Ga shi nan a shafi na goma sha bakwai, cikin ɗan akwati, layi uku: mortanta, wanda ke cikin mutuwa. Mortinta, wanda ya mutu. Mortonta, wanda zai mutu. Da a, da i, da o, daidai yadda aka gaya min a kan tiren shinkafa. Wata goma amsar na kwana a ƙarƙashin matashina.

“Me aka gano?” in ji liman, wanda ya iso ana cikin haka.

Dole na fassara wannan ma. Na ce, “Cewa aka yi ya kusa rasuwa, yana son ya ga Ka'aba, za su zo.”

“Wato har da ‘za su zo’ a ciki.”

“Har da shi, Malam.”

Sai muka ji wani sauti. Alhaji Mustafa ne ke dariya, yana yi tari na sarƙe shi, ɗansa na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya yi min alama in matso. Ya nuna kansa ya ce mortonta. Ya nuna Kawu, mortonta. Ya nuna liman, ya nuna ɗansa, ya ɗora yatsa a ƙirjina ya maimaita. Na juya wa jama'a da Hausa, duk da ba su buƙata. Kawu ya goge ido ya ce, “Ashe sunan kowa ne. Mu muka ba mutum ɗaya.”

Malam Idi ya tuɓe kwat ya ninke, ladan ya sauke hula, suka kawo. Tsohon ya ƙi karɓa. Ya ce sadakar da ta fita ba ta komawa, shi dai ya ji daɗi da ya ga inda ladarsa take tun da ransa. Abu ɗaya ya tambaya, yana murza hannu kamar mai niƙa: kayan gahawarsa. Ya yi wata goma yana kewar su.

Na buɗe baki zan ce sun tafi, sai ga sallamar Rakiya daga bayan labule. Ta turo tire. Ga injin tagulla, ga tukunya, an goge su suna sheƙi.

“Ba ki kai wa tsohuwar ba?” na tambaya ƙasa-ƙasa.

“Na ce bari in jira ‘o’ ɗin ya zama ‘i’ tukuna,” in ji ta, ta saki labule.

Alhaji Mustafa ya ga Ka'aba. Kawu da abokan aikinsa suka ɗauke shi a kafaɗa ya yi ɗawafi, ya tsaya Arfa, ya gama Hajjinsa cif. Likitocin ba su yi ƙarya ba. Cikin Muharram ya cika a ɗakin Kawu, da hantsi, kansa a cinyar ɗansa. Aka yi masa sallah a Harami, aka kai shi maƙabartar Mu'alla. Liman ya ce bai taɓa ganin wanda Makka ta sallata sau biyu ba, wataƙila Allah ne ya nufe shi da haka ya bi ta kan jahilcina. Na karɓi wannan magana hannu biyu, ko da yake na lura bai ce “kuskurena” ba.

Abin da na koya? “Ban sani ba” ba ta da tsawo a ko ɗaya daga harsunan da nake taƙama da su, kuma ba a taɓa yi wa kowa sallar gawa saboda ita ba. Na koyi faɗarta, a makare. Sai dai unguwa ba ta mantuwa. Shekaru da yawa bayan haka, ranar da Kawu Haruna ya rasu, ni na rufe masa ido da hannuna, na fita ina hawaye na buga ƙofar Malam Idi na gaya masa. Ya kama bakin ƙofa ya riƙe, idonsa ya ciko. Sannan ya dube ni ya ce, cikin ladabi:

“Kai ka gani, ko karantawa ka yi?”